Ƙwallon lambu: dalilin da dogon ƙarfe ke gagara, da yadda ake shawo kansa a busasshiyar ƙasa

Mutumin Dungu ko Matamaye da ke son ganin wasan golf, wanda ake kira ƙwallon lambu, sai ya bi hanyar Ɗan Barto da Daura ya shiga Kano, inda filin wasan ya haura shekara 100, ko ya nufi filin Rio Bravo a bayan garin Yamai. Ana yi masa kallon wasan masu hannu da shuni, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai samari da ke cin abinci a gefensa, wato masu ɗaukar jakar sanduna, kuma da yawa daga ƙwararrun ƴan wasan Najeriya daga nan suka taso. Sandunan da sukan fara koyo da su tsofaffi ne na kyauta, galibi waɗanda mai su ya gaji da su. Cikin waɗannan kuwa ba a rasa dogayen ƙarafa, masu lamba 2, 3 da 4.

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda 14. Masu kan ƙarfe suna da lamba, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa, ƙotar takan ƙara tsawo, fuskar kuma ta ƙara miƙewa. Lamba 9 tana kusan santimita 91, fuskarta a kwance da digiri 40 da ɗoriya. Lamba 3 tana kusan santimita 99, kwanciyar fuskarta ba ta wuce digiri 20 ko 21 ba. Ƙwallon kuma bai kai santimita 4 da rabi ba a faɗi. Duk wanda ya riƙe sungumi ranar shuka ya san cewa doguwar ƙota ta fi gajera wuyar saiti.

Amma babbar matsalar tana cikin ido. Mai koyo yakan dubi miƙaƙƙiyar fuskar nan, zuciyarsa ta ce masa wannan ba za ta ɗaga ƙwallo ba. Sai ya jingina baya, ya bar nauyinsa kan ƙafar dama, ya yi ƙoƙarin kwaso ƙwallon daga ƙasa kamar mai ɗebo miya da ludayi. Nan take wurin da kan sandar ke ƙare saukarsa ya koma bayan ƙwallon. A kan ciyawa mai laushi irin ta Turai, sandar takan ɗan zame, bugun ya rage nisa kawai. A ƙasar rani tamu ba a samun wannan rangwame. Idan ƙasar tauri gare ta, ƙarfen zai yi tsalle ya doki ƙwallon a ciki, ya tafi yana birgima. Idan yashi ne, ya nutse, ƙwallon ya faɗi nan kusa. Shi ya sa a Rio Bravo da filin Wagadugu ƴan wasa ke yawo da ɗan guntun ciyawar roba suna aza ƙwallo a kai.

Maganin shi ne ƙarfe ya fara taɓa ƙwallo, sannan ƙasa. Ɗagawa aikin fuskar sanda ne tare da gudunta. Ga mai bugu da dama, a ajiye ƙwallon gaba da tsakiyar ƙafafu kaɗan, wajen hagu, kamar faɗin ƙwallo ɗaya ko biyu. Lokacin da sanda ke saukowa nauyin jiki ya riga ya koma ƙafar hagu, hannaye suna ɗan gaban ƙwallon. Bahago sai ya juya lissafin. Ba a so a sari ƙasa kamar mai haƙa rami. Dogon ƙarfe shafa yake yi, ya bar ɗan siririn tabo a gaban inda ƙwallon yake.

Akwai horon da ba ya cin ko dala, kuma a nan yashi ya zama alheri. A ja layi a ƙasa, a tsaya kamar ƙwallon na kan layin, a yi ta bugu ba ƙwallo. Tabon da ya faro daga layin ya yi gaba shi ne daidai, wanda ya faro a bayansa kuwa kuskure ne. Sai an jera goma masu kyau a sa ƙwallo. A kuma shafa alli a fuskar sandar, domin a ga ko tsakiya ke bugu ko gefe. Riƙe sandar ƙasa da bakinta da santimita biyu yana taimakawa sosai, haka ma rage ƙarfi. A ganina yawancin masu koyo da lamba 4 suna bugu kamar masu faskare, alhali irin lilon da suke yi wa lamba 7 ya ishe su.

Ko manyan gwanaye suna shakkar waɗannan sanduna, shi ya sa har yau ake tuna bugun Ben Hogan da lamba 1 a ramin ƙarshe na gasar US Open ta 1950 a Merion, wata 16 bayan motarsa ta yi karo da bas, gasar da ya lashe washegari. Yanzu lamba 1 ta kusa ɓacewa daga jakunkuna. Wata sanda ƴar gauraye, mai kai mai kauri da faɗin gindi, ta maye gurbin dogayen ƙarafa, musamman bayan Todd Hamilton ya ci gasar Birtaniya ta 2004 da irinta a jakarsa. Tana ɗaga ƙwallo ko da gudun sanda bai kai ba, don haka dattijo ko mai sabon hannu da ke da halin saye babu kunya ya koma mata. Mai ɗaukar jaka da ya gaji tsohuwar lamba 3 kuwa, ya fara da lamba 6 a kan layin yashi, ya sauko 5, sannan 4, kada ya taɓa ta ukun sai tabonsa ya daina komawa baya.