Kalmar "Stomp" da Asalinta

Idan Bature ya ce "stomp", manufarsa ita ce taka ƙasa da ƙarfi, dim-dim, irin takun wanda fushi ya ci shi har ya fice daga majalisa. Malaman lugga sun bayyana cewa kalmar reshe ce ta "stamp", wadda ake kiran hatimi da kan sarki da ita, sai dai lafazin Amurkawa ya karkatar da wasalinta tun farkon ƙarni na 19. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda makaɗan jaz baƙaƙen fata suka fitar da ita daga fushi, ta zama sunan kiɗan rawa, kamar "King Porter Stomp" na Jelly Roll Morton, wanda aka ɗauka a faifai a 1923.