Hinjin ƙofar mota: ƙaramin ƙarfen da ran fasinja ya rataya a kansa

A lokacin kakar tumatir, motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Madobi da Kura da Bunkure a jihar Kano ba sa samun hutu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, noman rani ya bunƙasa a yankin, kuma manoma da 'yan ƙwadago da dillalai kan cika ƙananan motoci zuwa gonakin Kadawa da kasuwar Kwanar Gafan.

Akasarin motocin tsofaffi ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ƙofar da sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ko wadda aka ɗaure da igiya. Sau da yawa matsalar daga hinji take, wato ƙarafan da ke riƙe ƙofa a jikin mota.

Yadda ƙofa ke aiki

Galibi wurare uku ne ke riƙe ƙofar ƙaramar mota: hinji biyu daga gaba, da makulli daga baya. A cikin ƙofar kuma akwai sandar ƙarfe da aka gicciya domin ta tare bugu daga gefe.

Idan wata mota ta daki ƙofar, sandar kan tura ƙarfin bugun zuwa ga hinji da makulli, su kuma su miƙa shi ga ginshiƙan motar. Idan ɗaya daga cikinsu ya karye, ƙofar na iya ɓallewa ko ta afka kan fasinja.

Tarihin dokar

A shekarun 1950, masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun gano cewa wurgo mutum waje ta ƙofar da ta buɗe na daga cikin manyan dalilan mutuwa a haɗarin mota. Wannan ya rusa tsohon tunanin cewa wanda mota ta jefar ya fi samun damar tsira.

Daga shekarar 1968 Amurka ta fara aiki da ƙa'ida mai lamba 206, wadda ta tilasta wa kamfanoni gwada ƙarfin hinji da makulli. A watan Nuwamban 2004 kuma, aka amince da ƙa'idar ƙera motoci ta duniya ta farko a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva, kuma a kan ƙofar mota take.

Ƙa'idar ta ce dole hinji ya jure jan da ya kai ma'aunin Newton 11,000 ta tsawon mota, da 9,000 ta gefe, ba tare da ya rabu ba. Adadin farko ya yi kusan daidai da nauyin buhu 11 masu kilo ɗari-ɗari.

Shi ma makulli an tsara shi da mataki biyu, ta yadda ko da ƙofa ba ta rufu sosai ba, akwai abin da zai riƙe ta. Haka nan dokokin gwaji na Turai sun buƙaci ƙofa ta zauna a rufe yayin karo, amma bayan karo ta gaba a iya buɗe wasu ƙofofin ba tare da kayan aiki ba, domin a ceto mutane.

Inda gizo ke saƙa

Duk waɗannan gwaje-gwaje a kan sabuwar mota ake yin su. Motar da ta shekara 20 ko fiye kafin ta iso Kano, sannan ta shiga hanyoyin gona masu ramuka, labarinta daban ne.

Ƙurar hunturu kan gauraya da giris ta riƙa cin ƙusar da ke tsakiyar hinji, damina kuma ta kawo tsatsa. Da zarar ƙusar ta saki, ƙofa sai ta sunkuya, makulli ya daina shiga mazauninsa daidai.

Lodi fiye da ƙima na ƙara dagula lamarin. Idan aka cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, jikin fasinja na danne ƙofa tsawon tafiyar, kuma bel ba ya isar kowa.

Gyaran gaggawa ma na da nasa haɗari. Maye gurbin ƙusar hinji da guntun rodi, ko yi masa walda sama-sama, na iya sa ƙofa ta rufu, amma ba ya dawo da ƙarfin da kamfani ya auna.

Abin da ya kamata a duba

Gwajin ba shi da wuya: a buɗe ƙofa, a kama ƙarshenta a ɗaga. Idan ta yi motsi sama da ƙasa, hinjin ya ci. Canza shi da wani mai kyau, irin wanda ake nema a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa, ya fi walda aminci.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003. Idan ƙofa ta ɓalle, bel ne kariya ta ƙarshe da ke hana fasinja faɗawa kan kwalta.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara.