Faɗawa ruwa ba wuya, komawa kan jirgi ce aiki: kimiyyar hawa katamaran daga cikin teku

Idan ka taɓa wanka a rafi, ka san yadda jiki yake yin sakayau a cikin ruwa. Ƙato mai kilo 90 ma sai yaro ya tallabe shi da hannu ɗaya. Amma bari ya zo fita, ya dafa gaɓa ya yunƙura, nan take nauyinsa zai dawo masa, har da ƙari. Wannan abu da kake gani kamar wasa, shi ne yake hana matuƙin ƙaramin jirgi komawa kan jirginsa a tsakiyar teku: ga jirgi a gabansa, hannunsa na kai, amma hawa ya gagara. Bari mu duba dalilin haka, mu ɗauki misali da jirgin da ake kira katamaran.

Wane irin jirgi ne?

Sunan ya samo asali ne daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure wuri guda. Don ka gane na zamani, ka ɗauka an jera siraran kwale-kwale biyu, an haɗa su da ƙarafa biyu a gicciye, ɗaya a gaba ɗaya a baya, an ɗaure tamfol a tsakani inda matuƙa ke zama. A kan ƙarfen gaba aka kafa doguwar sanda mai riƙe da ƙyallen da iska ke turawa. Babu inji, iska ce kaɗai ke tafiyar da shi.

Wanda ya fi shahara a irinsa shi ne Hobie 16, wanda Hobie Alter, mutumin Kalifoniya a Amurka, ya fito da shi wajejen 1970. Tsawonsa mita 5 ne, faɗinsa kusan mita 2.4, nauyinsa wajen kilo 145, sandarsa kuma ta kai mita 8. Jirgi ne mai gudu, kuma kifewa a wurinsa ba baƙon abu ba ne. Duk mai koyon tuƙa shi ya san akwai ranar da zai tsinci kansa a ruwa.

Kowace lita kilo guda ce

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, masanin nan Arkimidis na birnin Sirakus ya gano cewa duk abin da aka saka a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jikin mutum kuwa kusan nauyinsa ɗaya da ruwa, wato mai kilo 75 girman jikinsa bai yi nisa da lita 75 ba.

To, yanzu yi lissafi. Kana cikin ruwa iya wuya, kanka ne kawai a waje, ka riƙe gefen jirgi. Abin da hannuwanka ke ɗauke da shi bai wuce kilo biyar ba, saura duk ruwa ya ɗauke maka. Ka fara jan jiki sama. Duk litar jikinka da ta fito, hannuwanka sun karɓi ƙarin kilo guda. Kafin cibiyarka ta bar ruwa, kana ɗauke da wajen rabin nauyinka, ga jiƙaƙƙun tufafi da suka sha ruwa sun ƙara nasu. Ka ga ke nan wahalar ƙaruwa take yi daidai lokacin da hannu ya fara gajiya. Mutane da yawa ko a tudu ba sa iya rataya a jikin ƙarfe su ja jikinsu sama sau ɗaya, balle a kan roba mai santsi da igiyar ruwa ke girgizawa.

Ƙafafun da ke shigewa ƙarƙashi

Matsala ta biyu ita ce rashin wurin takawa. A katanga, idan ka kama sama sai ka dogara ƙafa a jikin bango. A nan babu bango, gindin jirgin lanƙwashe yake, a ƙasansa kuma sai ruwa. Da ka ja da hannu, sai ƙafafunka su lila su shige ƙarƙashi, ka koma kamar mai kwance rigingine a gindin jirgin. Abin ya fi muni idan kana ɓangaren da iska ke tura jirgin zuwa gare shi, don jirgin ne ke hawa kanka. Idan kuwa kana ɓangaren da iskar ke fitowa, jirgin guduwa yake daga gare ka yana jan ka, sai ƙafafunka su taso bayanka su kwanta a saman ruwa. Haka ake so.

Dabarar ke nan: kada ka hau a tsaye, hau a kwance. Ka riƙe jirgin, ka yi ta bugun ruwa da ƙafa kamar mai iyo har jikinka ya miƙe a saman ruwa, sannan ka yi bugu mai ƙarfi ka zame ƙirjinka bisa kwale-kwalen. A haka ruwa na ci gaba da ɗauke maka yawancin nauyinka har zuwa lokacin da jirgin zai karɓe shi. Da ƙirji ya hau, sai ka jefa ƙafa ɗaya, ka mirgina. Ka lura da tudun rigar kariya da ƙugiyar ɗamarar da matuƙa ke ratayawa da ita, sukan maƙale a bakin jirgi, shi ya sa hawa da ɗan karkace ya fi.

A ina za ka hau? Nemi inda ya fi kusa da ruwa. A Hobie 16 tamfol ɗin yana bisa 'yan gajerun ginshiƙai, saboda haka ya fi kwale-kwalen tsayi. Fara hawa kan kwale-kwalen tukuna, ta bayan ƙarfen baya ko ta gaban na gaba. Ƙarshensa siriri ne, nauyinka zai danne shi ya sauko maka. Kuma kada ka ji tsoron zai kife a kanka, faɗin nan na mita 2.4 ya hana. A nan ya bambanta da kwale-kwale guda ɗaya irin na Kogin Neja, wanda idan ka rataya a gefensa juyowa zai yi, sai dai a hau ta ƙarshensa ko wani ya danne ɗaya gefen.

Likkafar igiya

Tsokar cinya ta fi ta hannu ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa mahayin doki ba ya jan kansa sama da hannu kawai, likkafa yake takawa. Matuƙa da dama sukan ɗaure gajeriyar igiya a ƙarfen gicciye, su yi mata zobe inda ƙafa za ta shiga. Sai dai akwai sharaɗi. Likkafar doki tana da cikin doki da take jingina da shi. Igiya idan ta yi tsawo ta wuce gindin jirgi, da ka taka sai ta lila ta kai ƙafarka ƙarƙashi, ka koma gidan jiya. Dole ta zama gajeriya yadda za ta manne da jikin jirgin, kuma a gwada tsawonta tun a bakin gaɓa.

Kome rintsi, kada ka saki jirgin

Duk bayanin nan ba shi da amfani idan jirgin ya tafi ya bar ka. Katamaran da ya kwanta a gefe, tamfol ɗinsa tsaye yake kamar allo, iska na tura shi. Ƙarfin turin iska kuwa ba daidai yake tafiya da gudunta ba: idan gudun ya ninka sau biyu, turin sau huɗu yake ninkawa. Zakarun iyo na duniya suna cin mita 50 a wajen daƙiƙa 21, a tafki mai kwanciyar ruwa, ba tufafi masu nauyi. Kai da ke sanye da rigar kariya a cikin igiyar ruwa, ko rabin wannan ba za ka yi ba. Don haka abu na farko bayan faɗawa shi ne kama wani abu na jirgin, igiya ce ko ƙarfe.

Haka nan kafin a tayar da shi, ana sassauta igiyoyin ƙyallen. In ba haka ba, yana miƙewa iska za ta cika ƙyallen ya yi gaba ba kowa a kai. Lokacin da yake dawowa daidai kuma, sai ka shiga tsakanin kwale-kwalen biyu ka cafke ƙarfen gaba, don kada ya zarce ya kife ta ɗaya gefen, kuma kada ya kufce maka.

Agogon da sanyi ke kunnawa

Da yawa daga masu wannan wasa suna yin sa ne a tekunan Turai da Amurka, inda ruwa kan yi sanyi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Idan sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15, shigarsa farat ɗaya kan sa mutum jan numfashi ba da son ransa ba, zuciya ta hau bugawa. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya daɗe yana nazarin wannan, kuma ƙungiyar ceto ta RNLI tana ba da shawarar mutum ya kwanta rigingine a kan ruwa har numfashinsa ya daidaita kafin ya yi wani yunƙuri.

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da 1-10-1 ga ruwa mai tsananin sanyi: minti 1 na daidaita numfashi, wajen minti 10 da gaɓoɓi za su yi maka aiki, da kimanin awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Na tsakiyar nan shi ya fi shafar mai son hawa jirgi. Jiki yana janye jini daga hannu da ƙafa don ya kare zuciya, tsokoki da jijiyoyin hannu su yi sanyi, riƙo ya yi rauni. Ko a ruwa mai ɗumi ma, duk yunƙurin da ya faskara ya tafi da wani kaso na ƙarfinka. Gara ka tsaya ka numfasa, ka zaɓi wuri, ka yi yunƙuri ɗaya mai kyau, da ka yi biyar cikin firgici.

Idan ku biyu ne, wanda ya fi iya hawa ya fara. Daga sama sai ya kama ɗan'uwansa ta kafaɗun rigar kariya, ba ta yatsu ba, ya ja a daidai lokacin da na ruwan ya buga ƙafa. Masu koyar da tuƙi sukan sa ɗalibi ya kifar da jirgi da gangan a rana mai kwanciyar iska, kusa da gaɓa, sanye da cikakkun kayansa, ya tayar, ya hau, ya sake. Ba a fafe gora ranar tafiya. A can ne za ka san inda ya fi maka sauƙin hawa, da tsawon igiyar da ya dace da ƙafarka.