Ƙaramin tiyon da ke jikin delko

Ran Lahadi, ranar kasuwar Baleyara, ake ganin irin nauyin da tsoffin motocin hanyar Yamai zuwa Filinge ke ɗauka: buhunan hatsi a ƙasa, tumaki a tsakiya, mutane a bisa. A cikinsu har yanzu akwai ragowar Peugeot masu buɗaɗɗen baya da ake kira bashe, da tsoffin Toyota masu shan esans. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, sannan masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi kusan shekara talatin tana harhaɗa 504. Waɗannan injuna ba su san kwamfuta ba. Karbirato ke gauraya mai da iska, delko kuma ke yanke lokacin da buji, wato fulogi a bakin ƴan Najeriya, zai ba da wuta. Tsarin wutar nan Charles Kettering ne ya fito da shi a Amurka wajen 1910, kuma har yau shi ke kai ɗan kasuwa gida.

Mai ba ya ƙonewa nan take. Daga tartsatsin buji zuwa lokacin da wutar za ta game silinda akwai ɗan jinkiri, kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa. A ido ba kome ba ne. Amma injin da ke juyi 3000 a minti, karanshaf ɗinsa na cin digiri 18 a kowane kashi ɗaya na wannan dubun. Saboda haka tilas buji ya yi wuta tun fistan bai ƙure sama ba, domin ƙarfin ƙunar ya same shi daidai ya fara gangarowa. Wannan rigayen shi bakanikanmu ke kira abans. Kamar lugude ne: in taɓarya ta sauko tun ƴar'uwarta ba ta tashi ba sai a yi karo, in ta makara kuma sai dakan ya mutu.

Delko na ba da abans ta hanya uku. Akwai na tushe, wanda bakanike ke sawa da hannu in ya sassauta noti ya juya jikin delko. A yawancin irin waɗannan injuna yana tsakanin digiri 5 zuwa 10. Akwai na gudu: ƴan ƙarafa biyu masu nauyi a ƙarƙashin farantin delko, riƙe da sifirin, waɗanda ke buɗewa in juyi ya ƙaru, su kai jimlar abans wajen digiri 30 ko sama kaɗan. Na ukun shi ne wanda aka fi zalunta a garejojinmu.

A gefen delko akwai wani ɗan gwangwani, da siririn tiyo da ya taso daga karbirato ya shiga cikinsa. A ciki akwai fatar roba da sifirin. Idan mota na tafe a kan kwalta direba ya ɗan taɓa totur kawai, ƙofar karbirato a kusan rufe take, sai injin ya riƙa zuƙa da ƙarfi ta wannan tiyo. Zuƙar ta ja fatar, fatar ta ja farantin, wuta ta ƙara rigaye da digiri 10 zuwa 15. Dalili kuwa shi ne, a wannan hali abin da ke shiga silinda kaɗan ne kuma ba shi da kauri, yana ƙonewa a hankali, don haka yana son a kunna shi da wuri. Da zarar direba ya take totur har ƙasa, a hawa ko cikin rairayi, zuƙar sai ta faɗi, sifirin ya mayar da farantin wurinsa, ƙarin abans ɗin ya janye da kansa. Ƙarafan nan biyu gudun injin kawai suka sani. Gwangwanin ne ya san ko injin na shan wahala ko yana hutawa.

To sai a leƙa cikin motocin da ke tasha. Sau da yawa tiyon ya tsage don rana, an cire shi an yar, an toshe bakin karbirato da kusa ko tsinke. Wani lokaci ma ba a toshe ba, injin na shan iskar da ba a auna ba, yana rawa in an tsaya. Hujjar da ake bayarwa ita ce mota na tashi, tana kuma ja. Gaskiya ne, domin ƙarfin ja a cikakken totur ba ya buƙatar gwangwanin. Asarar tana can a doguwar tafiya: daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne, mafi yawansu a kan rabin totur, kuma duk tsawonsu wuta na makara. Man da ya kamata ya tura fistan sai ya ƙarasa ƙonewa a bakin salansa, injin ya ɗau zafi, tanki ya riƙa sauka. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sai a ɗora laifin a kan lagireto, a yi ta ɗura masa ruwan rijiya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne maganin da ake yi wa matsalar. Bakanike ya ji motar ta yi sanyin jiki, sai ya juya delko da kunne, injin na tsaye yana aiki, har inda sautin ya fi daɗi. Injin da ba ya ɗauke da kaya kullum yana son abans mai yawa, shi ya sa kunne ke yaudara. Abans ɗin da aka ƙara ta wannan hanya ba ya janyewa in an take totur. Ranar da aka yi lodi aka sauka daga kwalta aka shiga yashin Dallol Bosso, sai a ji wata siririyar ƙarar ƙarfe daga injin. Sauran man ne ke fashewa da kansa saboda matsi da zafi, yana dukan kan fistan. In aka daɗe a haka, ringi ya karye, ko fistan ya huje, ko gasket ɗin kan injin ya ƙone. A ganina wanda ya cire ɗan tiyon nan ya sayi wannan aikin da hannunsa.

Gyaran ba shi da tsawo, amma yana da jeri. A fara da bis-filatine, bakunan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa a cikin delko, domin tazararsu na canza lokacin wuta: in ta buɗe da yawa wuta ta rigaya, in ta matse ta makara. A yawancin delkon Faransa tazarar kusan milimita 0.4 ce. Daga nan a kama rota a ɗan murɗa shi ta inda yake juyawa a saki. In bai komo da kansa ba, ƙarafan ciki sun cije da ƙura ko sifirin ya mutu. Sai a cire tiyon daga karbirato a zuƙa da baki ana kallon farantin. Ya kamata ya motsa, ya kuma tsaya a nan in an toshe tiyon da harshe. In iska na wucewa kawai, fatar ta yage, sai a nemi wani gwangwanin a wurin masu sayar da kayan tsoffin motoci.

Bayan haka ne ake sa abans na tushe, injin ya yi zafi, tiyon a cire kuma a toshe. Mai fitilar walƙiya zai haska alamar da ke jikin fuli ko filawil. Wanda ba shi da ita, ƙwan fitila mai bolt 12 da waya biyu sun isa: a kawo injin daidai kan alama da hannu, a haɗa ƙwan tsakanin wayar delko da jikin mota, a juya delko sannu a hankali har ƙwan ya kama. Tsohuwar 404 ma tana da rami a jikin kaskon kuloci inda ake zura siririn rodi ya faɗa gurbinsa a filawil. In ana son ƙara abans, ana juya jikin delko ne akasin inda rota ke bi. A kuma tuna cewa kamfanonin Faransa sukan fara ƙidayar silinda daga ɓangaren kuloci.

Lambar da ke littafin mota an rubuta ta ne don man Turai na wancan zamani, mai gubar dalma da ke hana fashewa, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayarwa a farkon 2006. Yau direban hanyar Filinge wata rana ya sha man matatar SORAZ ta Zinder, da ta fara aiki a 2011, wata rana na kwalba a bakin hanya, wanda ba a rasa mai sirkin kananzir a ciki. Saboda haka gwajin ƙarshe a kan hanya ake yinsa, tiyo a maƙale, mota da kayanta. A sa babbar giya ana tafiya a hankali, a take totur gaba ɗaya. In ƙarar nan ta fito ta ƙi ɗaukewa, a tsaya a rage digiri biyu, a ɗaure noti, a sake gwadawa.