Shirin Neman Digiri na Uku a Ilmin Halayyar Ɗan Adam na Asibiti

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana shirin da ya kamaci ɗalibin da ke nufin neman digiri na uku a Amurka, a reshen ilmin halayyar ɗan Adam wanda ya shafi gano cututtukan tunani da magance su ta hanyar gwaji da zantawa.

2.0 Hanyoyi Biyu

A taron Boulder na 1949 masana suka tsai da cewa mai wannan digiri, watau PhD, ya zama manazarci kuma mai duba marasa lafiya. Taron Vail na 1973 kuwa ya amince da digirin PsyD, wanda ya fi karkata ga aikin asibiti. Kowannensu kan ci shekara 5 zuwa 7, har da shekara guda ta sanin makamar aiki. Galibi ana ɗauke wa ɗalibin PhD kuɗin makaranta, amma guraben kaɗan ne ƙwarai.

3.0 Neman Malami

Kamar yadda almajirin zaure kan nufi malamin da ya shahara a fiƙihu ko nahawu, haka mai neman PhD: malami yake nema kafin jami'a. Wajibi ne ya karanta rubuce-rubucen malamin, ya kuma tabbatar zai karɓi ɗalibi a shekarar. Sa'an nan ya tanadi sakamakon karatunsa, da shaidar gogewa a bincike da lissafin ƙididdiga, da wasiƙun malamai uku da suka san aikinsa, da takardar bayyana manufa. Yawancin jami'o'i kan rufe karɓar takardu a farkon Disamba, don haka shirin shekara guda ne ko fiye.

4.0 Matsayin Harshe

A takardar manufa ake gane ko ɗalibi na da tambayar da ta cancanci bincike. A nan Bahaushe yana da jari. Kalmomin hauka, taɓin hankali, bugun iska da baƙin ciki ba su yi daidai da rabe-raben littattafan Turawa ba, kuma awon da aka fassara ba tare da tantancewa ba yana iya ɗora wa lafiyayye cuta. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta amfanin sanya dangi da masu maganin gargajiya cikin jinya.

5.0 Kammalawa

Saboda haka, ɗalibi ya fara tsai da tambayarsa, sa'an nan ya nemi malamin da bincikensa ya dace da ita. Da ma an ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.