Kaya a kan babur: wa ka bar wa ajiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar kifi ta Haɗejiya da hantsi ya san yadda babura ke jeruwa a wurin, kan wannan na gogar kariyar wancan. Wani ya taso daga Guri, wani daga Kiri Kasamma, wani daga ƙauyukan Auyo, kowa da abin da ya ɗauro: kwalin busasshen kifi, buhun tattasai, jarkar mai, ko 'yar jakar da aka cusa waya da kuɗin cefane a ciki. Mai babur zai kafe shi, ya murɗa kan ya kulle wuya, ya jefa makulli a aljihu, ya nutsa cikin jama'a hankalinsa kwance. Babur dai ya kullu. Kayan da ke kansa fa? Abin da ke riƙe da su robar da aka yanko daga tsohon tif ɗin taya ce, wadda reza ke raba ta biyu kafin ƙiftawar ido.

Idan aka sace babur sukutum, gari kan ɗauka. A je ofishin 'yan sanda, a gaya wa 'yan sintiri, a kai cigiya gidan rediyo. Satar abin da ke kan babur kuwa shiru ake yi da ita. Mutum ya fito ya tarar da robar na reto, ya yi salati, ya waiga dama da hagu, wani ya ce masa "Allah ya mayar da alheri", shi ke nan. Wani ma kunya ke hana shi faɗa, don ya san abin da zai fara ji a gida shi ne, "Kai ma da sakacinka." Alhali ga ƙaramin manomi, buhun taki guda da ya ci bashi ya saya, ko injin ban ruwan da ya ɗauko daga wurin gyara, shi ne noman ranin bana gaba ɗaya.

A ƙasar Haɗejiya babur ba abin ado ba ne. Shi ne jakin wannan zamani a ƙananan hukumomi takwas na masarautar: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Arzikin yankin yana cikin fadama, ruwan da ke raya ta kuma daga madatsun Tiga da Challawa yake gangarowa, ɗaya an gama ta a 1974, ɗaya a 1992. Hanyar da ke kai mutum gonar shinkafa ko ta alkama sau da yawa ba ta mota ba ce. Babur ɗin ma yana da iyakar inda yake kaiwa. Daga nan sai a kafe shi a gindin wata bishiya, a naɗe ƙafar wando a bi kunya da ƙafa. Da damina kuwa, idan ruwa ya shanye hanya, a bakin gaɓa ake barin sa a shiga kwale-kwale. Mai shi ba zai dawo ba sai azahar, wani lokaci sai la'asar sakaliya, ga ciyawar kacala ta yi tsawon da ko yana kusa ba zai hango abin da ake yi ba.

Matsalar ke nan iri biyu ce. A fadama babu ido ko ɗaya. A cikin gari idanu sun yi yawa, amma babu wanda aka ɗora wa nauyin kallo. Mutum ɗari za su ga saurayi yana kwance buhu daga kan babur a ƙofar asibiti ko bakin banki, kowa ya ɗauka nasa ne ko aiko shi aka yi. Ɓarawon kasuwa ba gudu yake yi ba. A natse yake aikinsa, kamar mai kaya.

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin mai, abin da ke cikin tanki ma ya shiga sahun kayan da ake hari. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba kafin wannan rana ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A irin baburan da aka fi hawa a nan, tiyon da ke kai mai cikin inji a fili yake. A zare shi, a tara gora, a mayar. Mai babur ba zai farga ba sai ya mutu masa a tsakiyar hanya. Haka madubi, batir da hular fulogi, duk abubuwa ne da hannu ko ƙaramar sifana ke cirewa.

Masu nazarin laifuffuka sun daɗe da lura cewa irin wannan sata ba ta cika zuwa da dogon shiri ba. A 1979 wasu masana biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, sun nuna cewa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kafin ta auku: mai niyya, da kayan da suka dace da ɗauka, da rashin mai tsaro. Aka cire ɗaya, ta fasa. Bahaushe ya riga ya taɓo biyu daga ciki da ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gyaran halin ɓera aiki ne na shekaru, na iyaye da malamai da hukuma. Rufe daddawa da sa mata ido kuwa aikin yau ne.

Akwai abin da ya faru a Jamus ta Yamma da ke ƙara fito da wannan. A 1980 aka fara cin tarar duk wanda ya hau babur ba hular kwano. Don kare rayuka aka yi dokar, ba wanda ya kawo sata a ransa. Amma zuwa 1986 satar babura ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Dalili shi ne, wanda ya ga babur a hanya sha'awa ta kama shi, ba ya yawo da hula, in kuwa ya hau haka nan take za a tsayar da shi. 'Yar wahala kaɗan da aka ƙara, da ɗan tsoron kada a gan shi, sun isa su sa mafi yawansu haƙura. Ban kawo wannan don in ce hular kwano za ta tsare buhun wani a Haɗejiya ba. Abin lura shi ne, yawancin masu ɗauke-ɗauke sauƙi suke bi, kuma duk minti ɗaya da ka ƙara musu, ka rage yawansu.

Malamanmu na fiƙihu ma sun yi dogon bayani a kan abin da suke kira hirzi, wato ma'ajin da ya dace da kaya. Ma'aunin da Malikawa suka ɗora shi ne al'ada: wurin da in ka ajiye abu, mutanen gari ba za su ce ka wofintar da shi ba. Imamu Malik ya kawo labarin Safwan ɗan Umayya a cikin Muwaɗɗa, wanda ya kwanta a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare. Masallaci wuri ne da kowa ke shiga, ba ƙofa ba kwaɗo, amma malamai suka ɗauki mayafin a matsayin abin da ke cikin tsaro, saboda mai shi yana tare da shi. Ashe tun can, mutum ne tsaro kafin ƙarfe.

A nan ne nake ganin muke yin babban kuskure, kuma kusan kowa na yin sa. Mutum zai kafe babur a gaban rumfa, ya ɗaga murya yana tafiya, "Don Allah a ɗan duba mini, yanzu zan dawo." Wa ya gaya wa? Mai shayi na juya ƙwai, mai faci ya duƙufa a kan taya, yaron shago na ƙirga canji. Kowa ya ji, ba wanda ya karɓa. In kaya suka ɓata sai a hau musu, zumuncin shekara da shekaru ya lalace a kan maganar da aka jefa a iska. Ajiya tana da ladabinta. Ka tsaya, ka yi sallama, ka kira mutum ɗaya, ka ce, "Malam, ga babur ɗina, ga buhu biyu da jarka a kai, zan shiga in fito bayan la'asar, ka karɓa?" In ya ce ya karɓa, ta zama amana a wuyansa, kuma shi ma ya san ba za a ɗora masa biya ba sai in ya yi sakaci. In ya ce hankalinsa ba zai kai ba, ka gode masa, don ya fi wanda zai amsa da ka kawai. Ka kuma gaya masa ba ka aiko kowa ba, domin "Alhaji ne ya ce in ɗauko masa" tsohuwar dabara ce da har yau take ci. Idan ka dawo, ka sayi wani abu a wurinsa ko ka ba yaronsa na goro. Gobe ma za ka so ya duba maka.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma suna aiki. Abin da zai shiga aljihu, kada ya kwana a kan babur ko na minti ɗaya: waya, kuɗi, katin banki, takardun babur. Ɗan akwatin gefe da aljihun gaban roba-roba ba ma'aji ba ne, nan hannu ke fara zuwa. Kaya masu nauyi a haɗa musu da igiya mai kauri bayan roba, a yi ƙullin ta ƙasa. Injin ban ruwa da famfon feshi suna da mariƙi, a zura sarƙa ta ciki a haɗa da kariya a danna kwaɗo. Sabon kaya a cikin kwalinsa talla ce, a lulluɓe shi da tsohon buhu. A tsara sayayya yadda abu mafi tsada zai zama na ƙarshe, daga shi sai gida. Sannan inuwar lungu da muke so don kada sirdi ya yi zafi, ita ɓarawo ma yake so. Gara rana a gaban mai tebur da inuwa a bayan katanga. A fadama kuwa, maƙwabtan gona su riƙa tara baburansu wuri ɗaya kusa da bukkar mai gadin inji ko inda masu fito ke zama, maimakon kowa ya ɓoye nasa a cikin ciyawa. Ɓoyon da ya hana mutanen kirki gani ya ba ɓarawo sutura.

Duk wannan ba zai wadatar ba muddin ɓarawon zaune na nan. Yaron da ya yanke buhun taki ba gona gare shi ba. Ya san inda zai kai a ba shi rabin kuɗi ba tare da tambaya ba. Wanda ya sayi batir ko waya a farashin da shi kansa ya san bai yi kama da na halal ba, abokin tarayya ne, ko da yana sahun gaba a masallaci. Dokar laifuffuka ta Arewa da aka fara aiki da ita a 1960 ta gane haka: iyakar hukuncin sata zalla shekara 5 ne a kurkuku, na mai karɓar kayan sata da saninsa kuwa yana kaiwa shekara 14. Ƙungiyoyin masu gyaran waya, makanikai da 'yan gwangwan za su iya rufe wannan ƙofa idan suka wajabta wa kansu rubuta sunan duk wanda ya kawo tsohon kaya, da neman rasit ko shaidar wanda ya san shi.

Mai kaya ma ya taimaki kansa. Kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15 da ta keɓanta da ita, ana ganin ta idan aka danna *#06#, ita ake bai wa 'yan sanda in za a bi sawu. Injin ban ruwa da babur suna da lambar inji. A rubuta su a littafi a ajiye a gida. A sa wa inji alama da fenti ko walda a inda mai shi kaɗai ya sani. Idan waya ta tafi da layin da ke haɗe da asusun banki, a fara rufe layin da asusun kafin a fara cigiya, don abin da ke banki ya fi wayar saurin tafiya. Kuma a kai rahoto, komai ƙanƙantar abin. Mai unguwa da 'yan sanda ba za su san cewa kusurwa kaza ta zama matattara ba in kowa ya haɗiye tasa.

Abu ɗaya da ba zan goyi baya ba shi ne dukan kawo-wuƙa. Ihun "ɓarawo!" a kasuwa ya sha hallaka wanda bai ji ba bai gani ba, ga babura iri ɗaya, launi ɗaya, mutum na iya kuskuren nasa. Wanda aka kama ma a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Ba a biyan jarkar mai da jinin mutum.

Mutanen Haɗejiya sun san aikin gayya. A ambaliyar 2020 da ta 2022, matasa da dattawa sun yi ta cika buhuna da ƙasa suna jibgawa a jinga, dare da rana, don kada kogi ya shigo gari. Garin da ya iya wannan ba zai gaza tsare babura ba. Abin da ake bukata bai wuce fili da aka kewaye da igiya ba, mashiga ɗaya, matasa biyu da aka sani da iyayensu, da kati biyu masu lamba iri ɗaya, ɗaya a rataya a babur, ɗaya a hannun mai shi. Ba kati, ba fita da babur, ba kwance kaya. Kuɗin ya zama kaɗan kuma sananne, a rubuta shi a allo, kada abin ya rikiɗe ya zama wani harajin. A masallatan Juma'a, 'yan agaji da ma suna tsaye suna gyara sahu da hanya, sai a ware musu wannan aiki a fili.

Ina kira ga shugabannin kasuwa, kwamitocin masallatai, ƙungiyar 'yan acaɓa da masu unguwanni, su zauna da ƙaramar hukuma su fitar da irin wannan fili a kasuwar kifi, da ƙofar asibiti, da mashigan ruwa, kafin kakar shinkafa ta zo kaya su yi yawa a kan hanya. Kai kuma mai karatu, in ka kafe babur gobe, kada ka ɗaga ƙafa sai ka san sunan wanda ka bar wa shi.