Zabura Ta 3: Addu'ar Wanda Masifa Ta Fito Masa Daga Cikin Gida

Karatu: Zabura 3, 2 Sama'ila sura 15 zuwa 18

Yau za mu duba wata gajeriyar waƙa mai aya 8 kaɗai, wato Zabura ta 3, domin mu ga yadda mai bi zai yi addu'a da ita a daren da barci ya ƙi zuwa.

Littafin Zabura yana da waƙoƙi 150. A cikinsu 73 suna ɗauke da sunan Dawuda a bisansu. Zabura ta 3 ita ce ta fari da aka rubuta mata bayani a sama, bayanin kuwa ya nuna Dawuda ya yi ta ne sa'ad da yake gudun ɗansa Absalom. Wajen shekara 3,000 ke nan da faruwar abin.

Ga yadda ya faru. Absalom yakan tashi da sassafe ya tsaya a hanyar ƙofar birni, yana tarar masu kawo ƙara wurin sarki, yana yi musu daɗin baki, har ya sace zuciyar jama'a. Daga nan ya tafi Hebron, aka busa ƙaho, aka ce ya zama sarki. Ahitofel ma, mashawarcin Dawuda, ya koma bayansa. Sai tsohon sarki ya bar Urushalima, ya haye rafin Kidron, ya hau Dutsen Zaitun ba takalmi, kansa a lulluɓe, yana tafe yana kuka. A hanya wani mutum mai suna Shimai ya bi shi da zagi da jifa.

Akwai kuma abin da ya fi jifan zafi. Tun a sura 12 annabi Natan ya faɗa wa Dawuda cewa saboda zunubinsa a kan Uriya da matarsa, masifa za ta taso masa daga cikin gidansa. Saboda haka Dawuda ya san yana da hannu a cikin abin da ya same shi. Duk da haka bai ce kunya ta hana shi zuwa gaban Allah ba. Ya riga ya tuba, Allah kuwa ya gafarta masa, don haka ya buɗe baki ya yi addu'a.

A aya ta 1 da ta 2 Dawuda ya fara da faɗin gaskiyar halin da yake ciki. Ya gaya wa Ubangiji maƙiyansa sun yi yawa, har mutane suna cewa Allah ya rabu da shi. Bai ɓoye kome ba. Mu kuwa mun saba, ko gida yana cin wuta in an gaishe mu sai mu ce lafiya lau. Wannan ladabi ne tsakanin mutane, amma kada mu kai shi cikin addu'a. Ɗan'uwa, in ƙanenka ya sayar da gonar gado ba da saninka ba, faɗa wa Allah haka. 'Yar'uwa, in ɗan da kika sha wahala kika biya masa kuɗin makaranta ya daina ko gaishe ki, ambaci sunansa a gaban Ubangiji, ki faɗi yadda abin yake ci miki rai.

A aya ta 3 da ta 4 ya ɗauke ido daga maƙiya ya sa wa Allah. Ya kira shi garkuwarsa, da wanda yake ɗaga masa kai. Ku tuna, mai wannan magana kansa a sunkuye yake a kan Dutsen Zaitun. Ba shi da gadon sarauta a ranar, akwatin alkawari ma ya sa Zadok firist ya mai da shi cikin birni. Abin da ya rage masa shi ne sanin ko wane ne Allah. Mai bi da bai ajiye Maganar Allah a zuciya a kwanakin salama ba, da me zai amsa wa masu cewa Allah ya yashe shi?

A aya ta 5 da ta 6 muka ga abin mamaki. Mutumin da ake nemansa a kashe ya sami barci, ya kuma farka, ya ce Ubangiji ne ya riƙe shi. Yaƙin bai ƙare ba, Absalom bai tuba ba. Amma wanda ya miƙa wa Allah kayansa ba ya kwana da su a ka. Saboda wannan ne masu bi tun zamanin dā suke karanta Zabura ta 3 da safe, ta 4 kuma da dare. Kowace farkawa shaida ce cewa akwai wanda ya yi tsaro sa'ad da ba ka san inda kake ba.

Aya ta 7 takan ba wasu tsoro, domin tana maganar Allah yana bugun maƙiya yana karya haƙoran mugaye. Ko ya dace Kirista ya yi irin wannan addu'a? Mu duba abin da Dawuda ya yi da hannunsa. Da Abishai ya nemi izinin sare kan Shimai, ya hana shi. Da sojoji za su fita yaƙi, ya umarci Yowab da Abishai da Ittayi su yi wa Absalom a hankali. Da ya ji an kashe shi, ya yi kuka mai zafi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dawuda ya kai fushinsa wurin Allah, ya bar masa shari'a. Haka mu ma za mu yi. Zafin da ba a kai wa Allah ba, shi ne yakan kai mutum gidan boka, ko ya sa uwa ta yi wa ɗanta baki, ko ya raba ikilisiya biyu.

A aya ta 8 ya rufe da shaida cewa ceto na Ubangiji ne, ya kuma roƙa wa jama'ar Allah albarka. Da yawa cikin jama'ar nan suna bayan Absalom a ranar, amma bai ware su ba.

Ubangijinmu Yesu ya bi wannan hanya. A daren da aka bashe shi, bayan sun raira waƙa, ya fita da almajiransa ya haye Kidron ɗin nan zuwa Dutsen Zaitun. Wanda ya bashe shi mai cin abinci tare da shi ne. Dawuda ya sha wuya yana da laifi, Yesu kuwa ba shi da zunubi, saboda namu ya sha. A kan gicciye ya yi addu'a da kalmomin Zabura ta 22 da ta 31, ya kuma roƙa wa masu kashe shi gafara. Ya san ciwon da na gida yake jawowa.

Ga abin da za ka yi a wannan mako. Kowace safiya ka karanta Zabura ta 3 da murya, aya biyu biyu. Bayan kowane kashi ka dakata, ka sa naka zance: abin da yake damunka, abin da ka sani game da Allah, godiya domin farkawa, sa'an nan albarka ga wanda ya ɓata maka rai. Wanda bai iya karatu ba, ya sa yaro ya karanta masa a lokacin addu'ar iyali. In kuma ka ga kana da naka laifi a cikin rikicin, ka tuba, ka je ka nemi sulhu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka san gidajenmu da abin da muke ɓoyewa. Ka gafarta mana namu laifi, ka tsare bakinmu da hannunmu daga ramuwa. Ka ba masu damuwa barci, ka komo da 'ya'yan da suka bauɗe. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.